Ranar da Mama Ta Kwashe Kumfar Ciyaman

Kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan rubutun nan kamar yadda kuka saba, ku bari in gabatar muku da Ciyaman, don duk abin da ya faru a gidanmu a kansa ya faru.

Ciyaman kifi ne. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba, amma girman kansa ya fi na Baba ranar da aka ƙara masa matsayi a ofis. Ja ne jawur, jelarsa kamar an yanko ta daga labulen falon masu hali. Idan ka kara masa madubi sai ya kumbura wuya ya nemi faɗa da kansa. Irinsa ake kira beta, masu sayarwa kuma suna ce masa kifin faɗa, domin maza biyu ba sa zama a ruwa ɗaya sai ɗaya ya yagalgala ɗan'uwansa.

Ni ce mai shi. Na gama jami'a, ina aiki a ɗakin karatu, wurin da ake biyan mutum ya yi shiru, wato aikin da aka halicce ni dominsa. Gwaggo tana ce min Kurma, Yaya tana ce min 'Yar Ruwa, Baba ne kaɗai yake ce min Uwata. A ɗakina akwai gado da durowa, sauran wurin na kifi ne: tankunan gilashi a jere jikin bango, kwalabe a kan kantar da aka yi don littattafai, famfon iska yana gurnani a hankali, wayoyin hita mai ɗumama ruwa sun cukurkuɗe a bayan ƙofa. Mama ta ce duk ranar da ta leƙa sai ta ji kamar ta shiga asibitin da aka kwantar da kifi.

A lissafin Mama, kifin nan ne suke kore min maza. Hujjarta wani ma'aikacin banki ne da ya taɓa zuwa. Ya ga tanki, ya sunkuya, ya tambaye ni wanne ne a cikinsu ya fi daɗi a miya. Ban ce masa komai ba. Har yau ma ban ce masa komai ba, saƙonninsa suna nan a wayata ban buɗe ba.

Don haka da Gwaggo ta kawo maganar ɗan ƙawarta, likitan haƙori, sai aka yi zama a kaina aka kafa doka. Yaya ce ta karanto min hukuncin tana shayar da autanta.

"Ki yi masa hirar komai, ban da kifi."

"To hirar me zan yi?"

"Hirar mutane. Girki, yanayi, ciwon kai. Ki tambaye shi ya aiki."

Haka na yi. Na ajiye lambarsa da sunan Mai Cire Haƙori, muka yi ta hira a rubuce. Mutum ne mai sa aya a ƙarshen kowace jimla, ko da jimlar "To" ce. Da safe zai rubuto, "Barka da asuba. Kin goge haƙori." Ba alamar tambaya, ban san ko tambaya ce ko umarni ba. Sau ɗaya ya zo wurin aikina wai aron littafi, ya tsaya a gaban teburina yana gyara agogo, ya ɗauki littafin da ya fi kusa da hannunsa. Na dokokin haraji ne. Na buga masa hatimi ban ɗago ba, amma ta wutsiyar ido na ga kunnuwansa sun yi gumi. Tun daga ranar na daina jin haushin ayarsa. Kira kuwa ban taɓa yi ba. Idan ya kira, sai in zuba wa wayar ido har ta gaji, sannan in rubuta masa cewa ina wurin da ba a magana. Ban yi ƙarya ba, ko'ina nake wurin da ba a magana ne.

Ana cikin haka ya ce zai zo ya gaida su Baba. A ranar Mama ta ƙara wa dokar wutsiya.

"Ya zo ko bai zo ba, ƙarshen watan nan kifin nan za su bar min gida. Gwaggonki ta samo wani mai otal, ya ce zai karɓe su ya jera a wurin karɓar baƙi."

Na san irin tankin otal. Fitila mai launi kala-kala, yara suna buga gilashi, wani ya jefa guntun biskit. Na kalli Baba. Baba ya kalli jarida.

Yanzu ga inda abin ya kwaɓe. Na daɗe ina neman Ciyaman ya haihu. Karon farko ya cinye ƙwan da kansa. Karo na biyu wuta ta ɗauke, ruwan ya yi sanyi, komai ya lalace. Karo na uku matarsa, Madam, ta lakaɗa masa duka har sai da na raba su. A wannan karon soket ɗin ɗakina ya ƙone, sai na kafa ƙaramin tankin haihuwa a kusurwar falo, tsakanin doguwar kujera da taga. Na rage ruwan, na jefa busasshen ganye mai faɗi wanda yake mayar da ruwa kalar shayi, don haka suke so.

Namijin beta shi yake gina gida, kuma da kumfa yake ginawa. Zai hau sama ya haɗiyi iska, ya furzo ƙwayar kumfa a ƙarƙashin ganyen, ya koma ya sake, har ta taru ta yi tudu. Idan mace ta zuba ƙwai, shi zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya tsince a bakinsa ya liƙa a cikin kumfar. Daga nan ya kori uwar, ya tsaya gadi, ko abinci ba ya ci. Ita kuwa sai in mayar da ita kwalbarta ta ci ta ƙoshi ta yi barcinta. Da na yi wa Yaya wannan bayanin, ita da take da yara uku da miji mai son kallon ƙwallo, sai ta tambaye ni a ina ake rajistar zama kifi.

Ana gobe Likita zai zo, Ciyaman da Madam suka shirya. Na durƙusa na ga ƙwai a cikin kumfa, farare, ƙanana kamar garin gishiri. Na kusa yin kuka. Mama ta zo ta tsaya a kaina.

"Ki ɗauke wannan abin daga falona."

"Ba ya ɗaukuwa, Mama. Idan aka motsa shi gidan zai rushe."

"Wane gida?"

A nan na yi kuskure. Da na buɗe baki na nuna mata, da ba a kai ga abin da aka kai ba. Sai na ce, "Ba komai," kamar yadda na saba. Muka daidaita a kan cewa za a lulluɓe tankin da farin ƙyallen tebur, a ɗora tukunyar fure a kan murfin, ya zama kamar ƙaramin teburin ado.

Ranar zuwan, gidanmu ya koma wani gida. An cire ledar da take kan kujeru tun ina makarantar sakandare. An fito da kofunan baƙi daga kabad, waɗanda ko Baba ba a yarda ya taɓa ba. Yaya ta kulle ni a ɗaki ta cusa ni cikin doguwar riga shuɗiya mai duhu, hannunta ya matse ni har ba na iya ɗaga kofi sai na sunkuyo da kai. Mayafi ruwan toka, ɗan kunnen Mama mai nauyi, jan bakin da ya sa na yi kama da wadda ta sha lemo a ɓoye, da takalmi mai tsini da aka saya don wata ƙafa ba tawa ba. Ta fesa min turare har famfon iskar kifina ya fara shaƙa.

"Ki yi murmushi," in ji ta. "Amma kada ki buɗe baki sosai, aikinsa ne, zai fara ƙirga su."

Duk wannan lokacin Mama tana falo ita kaɗai, tana sharar ƙarshe.

Likita ya zo da riga ruwan ƙasa mai guga, da kwalin biskit a hannu. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, na ga safarsa ɗaya baƙa ce, ɗaya shuɗiya. Babu wanda ya lura sai ni, kuma hakan ya kwantar min da hankali fiye da duk addu'ar da Yaya ta tofa min. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Mama, Gwaggo ta yi ta sa masa albarka kamar ita ta haife shi, sannan ta ja Yaya suka shige kicin. Aka zaunar da ni a ƙarshen doguwar kujera, daf da teburin ƙarya.

Baba ya fara jawabi a kan tarbiyya. Duk wanda ya san Baba ya san idan ya ce "a taƙaice", yanzu ya kama hanya. Na sunkuyar da kai irin na 'yar mutunci, na sa yatsa na ɗaga gefen ƙyallen kaɗan, don in ga yadda Ciyaman yake.

Babu ganye. Babu kumfa. Saman ruwan fes kamar an goge madubi. Ciyaman yana kai da kawo jikin gilashi kamar wanda ya dawo daga kasuwa ya tarar an rushe masa gida.

Na karkata wajen Mama. "Mama, ina kumfar?"

Ta amsa ta cikin murmushi, leɓenta ko motsi bai yi ba. "Na kwashe dattin. Yi shiru."

"Da me?"

"Da ludayi. Idan ya ɗaga ƙyallen fa, ya ga ruwa da kumfa da ruɓaɓɓen ganye, ya ce mu ƙazamai ne?"

Ku fahimci Mama. Mace ce da ta shekara talatin tana kwashe kumfa daga saman tukunya. A duniyarta, duk abin da ya taso saman ruwa ya yi fari, ludayi yake jira.

"Ina kika zuba?"

"Na bari a roba a kicin, aka buga ƙofa. Ki zauna daidai, yana kallonki."

A daidai lokacin na ji an buɗe famfo a kicin. Na ji ƙarar kwanuka. Gwaggo ba ta iya ganin abu a bakin wurin wanke-wanke ta ƙyale shi, kuma ita sabulu take fara zubawa kafin ta duba mene ne a ciki. Ɗigon sabulu ɗaya ya ishe su.

Na kalli Likita, yana gyaɗa wa Baba kai. Na kalli Mama, idonta yana ce min idan na motsa sai dai wata ba ni ba. Ni da ban taɓa katse babba ba, ni da nake jira a gama tari kafin in wuce, na zame takalman Yaya a ƙarƙashin kujera, na tattare riga, na ratsa tsakiyar jawabin Baba da gudu.

Na tarar da Gwaggo riƙe da ƙaramar robar a hannun hagu, soso mai kumfar sabulu a hannun dama.

"Gwaggo, kada ki zubar."

Ta tsaya cak, ta waiwayi Yaya. "Ke, kin ji abin da na ji? Kurma ce ta yi magana?"

"Ki ba ni robar, don Allah. Ki nisanta soson."

"Ruwan datti ne fa."

"Jikokinki ne a ciki."

"Allah ya kiyaye," in ji Gwaggo, amma ta sake min. Yaya ta dafe kai ta ce, "Shi ke nan, an gama. Na yi asarar turarena."

Ganyen yana nan yana yawo a robar. Kumfar ta mutu saura kaɗan a gefe, ƙwan sun zube a ƙasa, fari-fari. Na leƙa ɗakina na ɗauko sirinji marar allura da nake ba ƙananan kifi abinci da shi, na fito falo ba takalmi, mayafi ya zame ya rataye a kafaɗa ɗaya. Na ɗauki tukunyar furen, na rasa inda zan ajiye, sai na miƙa wa Likita. Ya karɓa da hannu biyu kamar an ba shi kyauta. Na yaye ƙyallen.

"Ajiya ce," Mama ta yi sauri ta ce. "Na maƙwabta ne, sun yi tafiya."

Baba ya yi tari. "A taƙaice dai..." Sai ya rasa inda ya tsaya.

Na durƙusa, na mayar da ganyen a hankali. Saura ƙwan. Dole a zuƙo su kaɗan-kaɗan a sake su kusa da uban, ko Allah zai sa ya karɓa. Amma hannun rigar ya ɗaure ni, na kasa ko saita bakin sirinjin. Sai na ga safa baƙa da safa shuɗiya sun tsaya a gefena. Ya ajiye furen a kan kafet ya durƙusa.

"Me nake kallo?" ya tambaya a hankali.

"Ƙwai."

"Na wa?"

"Nasa."

Ya kalli Ciyaman, Ciyaman ya kumbura masa wuya. "Kawo," in ji shi. "Ban san komai a kan kifi ba, ko kaza ban taɓa kiwo ba. Amma hannuna ba ya rawa. Abin da na iya ke nan."

Na ba shi. Ya naɗe hannun riga, ya cire agogo ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba, kamar ni ce mai taimaka masa a asibiti.

"A hankali," na ce. "Kada ka ja da ƙarfi, za su fashe. Kai ƙasa kaɗan. A'a, ba nan ba, ƙarƙashin ganyen. Sake su. Kada ka taɓa gilashin."

"To, Malama."

Ciyaman ya kai wa sirinjin sara sau biyu. Ƙwan suka fara gangarowa cikin ruwa. Ya bi ɗaya da ido, ya juya, ya cafke shi a baki.

Na san abu biyu ne: ko ya haɗiye don ɓacin rai, kamar yadda ya yi a karon farko, ko ya tuna shi uba ne. Ya tsaya a tsakiyar ruwa yana motsa baki. Na ji Gwaggo a bakin ƙofar kicin tana cewa, "Ya cinye, wallahi ya cinye, namiji ne ai." Sai ya yi sama, ya haɗiyi iska, ya furzo ƙwayar kumfa ɗaya a ƙarƙashin ganyen, da ɗigon fari a cikinta. Ya juyo ya bi na biyu.

Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na gaya wa Likita yadda ake gina kumfar, da dalilin ganyen, da dukan da Madam ta yi, da ranar da wuta ta ɗauke na kwana ina naɗe tanki da bargo. Na gaya masa akwai wasu a ɗaki, da sunayensu, da wanda yake da ciwon ido. Na yi maganar da ban yi ba tun da aka yaye ni. Shi kuwa yana ta zuƙowa yana sakewa, yana cewa "To" da ayarsa.

"Uwata," in ji Baba daga kujerarsa, "ashe kina da murya haka."

Da muka gama, Likita ya karɓi agogonsa ya rage murya. "Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"An ce kada in faɗa."

"Ni ma an ce kada in yi miki maganar haƙori."

"Kuma ka kasa."

"Na kasa."

Ya sha shayinsa da ya huce, ya yi sallama, gwiwoyin wandonsa a jiƙe. Ƙofa tana rufuwa Mama ta zauna a hannun kujera ta cire ɗan kwali ta yi fifita da shi.

"Kin durƙusar da likita a kan kafet. Kin ba shi fure ya riƙe kamar ɗan aike. Kin ƙaryata ni a gabansa."

"Ni ban ce komai a kan maƙwabta ba, Mama."

"Kin faɗi sunayen kifin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ƙarshen wata yana nan yadda na ce."

Yaya ta karɓe rigarta. Na zauna da waya a hannu ina jiran saƙon ban-kwana, irin mai ladabi, mai aya. Da ya shigo, ko gaisuwa babu.

"Ya cinye su."

Na ruga falo na duba, sannan na tuna mutumin ba ya sa alamar tambaya. Na rubuta, "Bai ci ba. Yana gini."

"Madalla. Ki gaishe shi."

Ba duka suka rayu ba, wasu sun yi fari sun mutu, Ciyaman ya tsince su ya kawar. Sauran suka ƙyanƙyashe. Idan kun taɓa ganin waƙafi a littafi, to haka suke, waƙafi masu ido, suna rataye a kumfa wutsiya ƙasa. Ɗaya zai suɓuce ya nufi ƙasa, uban ya bi shi ya cafko ya mayar. Kafin ya juya wani ya faɗo. Haka yake yi ba hutu.

Wata safiya na fito zan tafi aiki, na tarar da Mama a durƙushe a kusurwar falo, tsintsiya a gefenta, tabaran karatun Baba a hancinta. Na so in koma da baya, ta riga ta ji ni.

"Wannan tun ranar bai ci komai ba?"

"Ba ya ci sai sun fara iyo."

"Shi kaɗai yake wannan wahalar? Uwar fa?"

"Tana ɗaki tana hutawa."

Mama ta yi wani dogon tsaki wanda ban gane ko na haushi ne ko na sha'awa ba. Ta ɗaga murya wajen ɗakin Baba. "Ka fito ka ga yadda ake yi." Baba bai fito ba.

Da 'ya'yan suka fara iyo da kansu, sai wata matsalar ta taso. A wannan gaɓar dole a cire uban, domin daga ranar ya daina ganinsu a matsayin 'ya'ya, ya fara ganinsu a matsayin karin kumallo. Na je neman tsohuwar kwalbarsa, na tarar Mama ta wanke ta ta zuba sukari. A wurin cin abinci ta yanke hukunci, tana kallon faranti.

"Jarirai ba sa zuwa otal. Su da na ɗakin su zauna har waɗannan su girma. Amma ko kwalba ɗaya ba za a ƙara min ba. Shi wannan mai jan jelar, tunda ya gama aikinsa, a san inda za a kai shi."

Ban gaya mata cewa girman nasu watanni yake ɗauka ba. Ban kuma gaya mata ina da niyyar kafin su girma wasu su haihu ba. Amma Ciyaman fa? Gwaggo ta ce mai otal yana nan yana jira. Na rubuta wa Likita, don yanzu shi nake fara gaya wa komai, abin da ni kaina bai daina ba ni mamaki ba. Amsar ta zo kafin in ajiye wayar.

"Ya dawo wurina. Akwai wuri a ɗakin jiran marasa lafiya. Suna buƙatar ganin wanda ya fi su fushi."

Ya sayi tanki da hita, ya turo min hoto na duba na amince. Ranar da ya zo ɗauka, Gwaggo ta kafa kujera a bakin ƙofa tana kallonmu kamar talabijin, sai tsohuwar kunyata ta dawo. Na yi masa bayani ina kallon ƙasa: ruwan famfo sai ya kwana kafin a zuba, abinci kaɗan, kada sabulu ya kusanci komai, kuma duk kifin da ya zo a leda, a bar ledar tana yawo a saman tankin tukuna har ɗumin ruwan ya daidaita. Ya maimaita min duka. Ya zaunar da Ciyaman a kujerar gaba ya ɗaura masa bel.

"Kifin ya riga ki tarewa," in ji Gwaggo. Na yi kamar ban ji ba. Ni fa har yau ban ce na amince da kowa ba.

Na gaya masa komai, sai abu ɗaya, abin da na fara gaya muku tun a sama. A wurina sananne ne kamar a ce wuta tana ƙuna, shi ya sa bai zo min a rai ba.

Yau da rana ina bakin aiki, ɗakin karatu cike da ɗalibai masu jarrabawa, ba ka jin komai sai ƙarar fanka da juya shafi. Wayata ta haska a cikin durowa. Hoto ne. Tankin Ciyaman, tsaf, da hita da komai. A saman ruwan leda tana yawo, kamar yadda na koya masa. A cikin ledar kifi shuɗi, jela har ƙasa, wuya a kumbure. A ƙarƙashinsa Ciyaman, ya buɗe duk abin da Allah ya ba shi, ya zama kamar tutar yaƙi.

Saƙon ya biyo baya. "Na ga kaɗaici yana damunsa. Na sayo masa aboki. Namiji ne irinsa, don su yi hira. Duba yadda suke murnar ganin juna."

Na fara rubutu, yatsuna suka harɗe. Na ga alamar ya sauka daga layi. Ban yi shawara da kowa ba, ko da kaina. Na danna kira, karo na farko a rayuwata da na kira namijin da ba Baba ba. Ya ɗauka a bugu na biyu, muryarsa cike da mamaki.

"Ke ce? Lafiya?"

"Kada ka kwance ledar nan."

A bayansa na ji ƙarar ruwa, da muryar wata mata tana cewa, "Likita, kifinka fa kamar dambe suke yi."

"To," in ji shi. "Idan an riga an kwance fa."

Na miƙe tsaye, kujerata ta faɗi ta baya. "Nemo kofi mai tsabta, wanda sabulu bai taɓa ba. Kamo shuɗin, ba jan ba, jan zai sare ka. Kada ka kashe wayar. Ka gaya min inda asibitinka yake, ga ni nan zuwa."

Sai da na rataya jaka na lura duk ɗakin ni yake kallo. Shugabar ɗakin karatu ta taso daga ofishinta, ta tsaya a ƙarƙashin allon da ni na rubuta da hannuna na manna, mai cewa a yi shiru. Ta sauke tabarau ta dube ni sama da ƙasa, ni da ake ce wa Kurma.

"Don Allah," in ji ta, "ki rage murya."